Ranar da Gwaggo Ta Ce Babu Ruwa

Kwamfutar ofishin Ƙungiyar Manoman Masara ta Alheri, da ke bayan kasuwar Birnin Gwari, sunanta Gwaggo. Munzali sakataren ƙungiyar ne ya raɗa mata, domin a cewarsa halinsu ɗaya da ƙanwar babansa: kafin ta amsa gaisuwa sai ta gama lissafa wuraren da ke mata ciwo.

Aikin Gwaggo bai taka kara ya karya ba. Kowace safiya da ƙarfe bakwai za ta tattara abin da na'urorin auna iska guda uku suka aiko, ɗaya a Kusasu, ɗaya a Kuyello, ɗaya kuma a bakin daji inda ba kowa ke sha'awar zuwa ba, ta haɗa da hasashen da take saukewa daga intanet, sannan ta tura wa manoma ɗari takwas da 'yan kai saƙon tes: yau akwai ruwa, ko babu. A tsakiyar damina babu wanda ya damu da ita, domin ko makaho ya san za a yi ruwa a watan Agusta. Amma idan damina ta fara haɗa kayanta, masara ta cika kan duwatsu da gefen titi a shanye, saƙon nan ya fi labaran rediyo daraja.

Mai kula da Gwaggo ita ce Patience Isaiah, 'yar Kusasu, wadda ta yi karatun kwamfuta a Zariya ta dawo gida da takarda da gilashi da ɗan guntun haƙuri. Ba ita ta rubuta manhajar ba. Wani ɗan bautar ƙasa mai suna Abdulsamad ne ya rubuta, ya gama shekararsa, ya canja lambar waya. Yadda ya tsara abin shi ne, idan aka kunna Gwaggo sai ta bi sassanta ɗaya bayan ɗaya tana gaishe su: firinta, layin intanet, jerin lambobin manoma, ma'ajiyar awon iska, na'urorin nan uku, da hoton shugaban ƙungiya da ke fitowa a saman allo. Duk wanda bai amsa ba, ko wane ne, sai ta yi jajawur ta kwanta. Takarda ta ƙare a firinta, ta kwanta. Ɓera ya ɗanɗana waya, ta kwanta. A wajenta tuntuɓe da mutuwa duk abu ɗaya ne.

Patience ta daɗe da sanin maganin abin. Tun a aji an koya musu cewa matsala iri biyu ce a lokacin tashin manhaja. Akwai wadda za ka kama, ka rubuta ta a gefe, ka ci gaba da tafiya. Akwai kuma wadda idan ta zo ba a kama ta, sai a bar na'ura ta faɗi da ƙara domin kowa ya ji. Abin da ake buƙata shi ne mutum ya zauna kwana biyu ya tantance wace ce wace. Ta sha yi wa kanta alkawarin kwana biyun nan, amma kullum sai a aike ta buga takardar gayyatar suna ko ta gyara wa wani wayar da ta faɗa cikin kunu.

Ana haka sai shugaban ƙungiyar, Alhaji Jaji, ya kawo kansila da abokansa uku su ga abin da yake kira "injin hangen sama". Alhaji Jaji mutum ne mai faɗin kafaɗa da faɗin magana, wanda bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba amma yana ba da labarinta kamar shi ya haife ta. Ya tsaya a gefe ya gyara hula, ya ce, "Feshan, kunna musu." Haka yake kiran Patience, kuma ta gaji da gyara masa.

Ta danna. Gwaggo ta gaida firinta, ta amsa. Ta gaida intanet, ya amsa. Sai ta yi ja, ta rubuta da manyan baƙaƙe: BA A GA HOTON CIYAMAN BA.

Kansila ya matso ya karanta a hankali, da ƙarfi, kamar ɗan aji biyu. Sannan ya dubi Alhaji Jaji daga hula zuwa takalmi. "Ikon Allah. Ga ka tsaye da girmanka, ta ce ba ta gan ka ba."

Abokansa suka yi dariya har ɗaya ya dafa bango. Daga baya aka gano Munzali ne ya matsar da hoton don ya samar wa bidiyon bikin abokinsa wuri.

Baƙi na fita Alhaji Jaji ya rufe ƙofa. "Daga yau kada in sake ganin jan abin nan a ofishina. Ta tashi kawai. Ko me ya faru ta tashi."

"Alhaji, ba duka ba. Hoto da firinta zan sa ta wuce su. Amma akwai abin da idan ya lalace gara ta kwanta. Ka ba ni kwana biyu in raba su."

"Kwana biyu? Zan je azahar in dawo. Ki gama kafin nan."

"Ranka ya daɗe, idan ma'ajiyar awo ta..."

"Feshan, ke aka ci wa mutunci ko ni? Inji da aka saya don ya yi aiki, shi zai zaɓi ranar da zai yi? Ko jakina bai isa ba."

Ya fita. Patience ta zauna tana huci. Da a ce ta sha ruwa ta ɗan zagaya kasuwa, da wataƙila ta yi rabin aikin da ya dace kafin ya dawo. Amma haushi ya riga ya hau kujera kafin ita. Ta buɗe manhajar, ta je daidai inda Gwaggo ke gaishe-gaishenta, ta lulluɓe wurin gaba ɗaya da umarni mai layi uku: duk abin da ya taso, babba ko ƙarami, ki haɗiye, ki yi shiru, ki wuce. Ko rubuta shi a gefe ba ta ce a yi ba. Ta kuma sa wani koren rubutu ya riƙa fitowa a ƙasan hoton Ciyaman: KOMAI LAFIYA LAU.

Munzali, da ke leƙe ta bayanta, ya ce, "Injiniya, ashe abin ba wuya. Me ya sa tun bara ba ki yi ba?"

"Saboda bara ina da hankali," in ji ta.

Mako uku Gwaggo ta zama abar misali. Takarda ta ƙare, kore. Munzali ya tuntuɓe wayar firinta ta zare, kore. Alhaji Jaji ya riƙa shigo da duk wanda ya gamu da shi a hanya, har mai sayar da rake, yana nuna musu allon yana cewa sai da ya tsawata mata ta shiryu. Patience kuwa kowace safiya takan ce wa kanta gobe za ta gyara abin yadda ya kamata. Da ta ga kore sai zuciyarta ta ce jibi ma rana ce.

Ranar wata Alhamis a tsakiyar Oktoba, inbatar sola ta yi wani tari da sassafe, wuta ta ɗauke ta dawo. A wannan ɗan tsakanin, ɓangaren faifan kwamfutar da ke riƙe awon iska ya dagule. Da Gwaggo ta tashi ta gaida ma'ajiyar, ba ta ji amsa ba. Ta haɗiye kamar yadda aka umarce ta, ta wuce. Da ta zo lissafi ta tarar da wurin awo wayam, kuma a wajen na'ura wayam sifili ne. Sifilin laima, sifilin hadari. Ƙarfe bakwai daidai wayoyi ɗari takwas suka yi ƙara daga Kusasu har Kuyello: "Yau babu ruwa ko ɗigo. A shanya hankali kwance. Saƙo daga Alhaji Jaji, Ciyaman."

Patience ta shigo, ta ga kore, ta tafi sayen waina.

Wajen sha ɗaya ta fito ƙofar ofis tana fifita da kwali. Iskar ta yi nauyi, irin wadda riga ke manne wa mutum a baya. Ta ɗaga kai gabas, sai ta ga wani baƙin abu ya taso ta kan daji kamar an kifa tukunya. Ta koma ciki da gudu har takalminta ɗaya ya tsaya a bakin ƙofa. Ta buɗe ma'ajiyar awo da hannunta. Babu komai. Ta ɗaga ido, ga Alhaji Jaji yana mata murmushi daga saman allo, ƙarƙashinsa KOMAI LAFIYA LAU.

"Munzali! Kira Kuyello! Kira kowa!"

Ta rubuta saƙon gyara, ta danna tura. Sabis ɗin Birnin Gwari, wanda ko a ranar lafiya sai an lallaba shi, ya zaɓi wannan lokacin ya ɗauke. Saƙo goma sha bakwai ne suka fita. Munzali ya hau kan benci yana ɗaga waya sama kamar mai kiran kaji, bai samu ko sanda ɗaya ba. Kafin la'asar ruwa ya sauko, mai ƙarfi, na bankwana, wanda ya ɗauki awa biyu yana abu ɗaya. Mutane da yawa sun shanya sun tafi gona mai nisa, tunda an ce musu hankali kwance.

Washegari tun kafin a share ofis babura suka cika ƙofar. Wanda ya fara shigowa shi ne Baba Andrawus, yayan mahaifin Patience, tsoho mai shekara saba'in da ba ya ɗaga murya domin bai taɓa buƙatar haka ba. Ya sauke rabin buhu a kan teburinta, ya kwance bakin, jiƙaƙƙiyar masara ta gangaro har kan madannai. Bayansa Dabo ne, wakilin manoman Kuyello, dogo mai bakin barkwanci, wanda ya taho tun asuba a kan hanyar da ta koma taɓo, wandonsa ja har gwiwa.

"'Yata," in ji Baba Andrawus, "jiya da safe gwiwata ta ce mini za a yi ruwa. Wayata ta ce babu. Na ce wa gwiwa ta yi shiru, ita ba ta je Zariya ba."

Aka yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

Alhaji Jaji ya iso yana share gumi, ya ɗaga hannu biyu. Ya fara da cewa ruwa na Allah ne, wanda babu mai musu. Ya wuce zuwa cewa su injinan nan Turawa ke haɗa su, ba su san samanmu ba. Da ya ga fuskoki ba su saki ba, sai ya ce shi dai yana zargin akwai hannun 'yan adawa, domin tun da ya hau kujerar nan ake masa baƙin ciki.

"Alhaji," in ji Dabo, "sunanka ne a ƙasan saƙon. Matata ta ce in tambaye ka ko kai ma ka shanya."

Patience tana iya yin shiru, ta bar Turawa da 'yan adawa su ɗauki kayan, ba wanda zai gane. Amma masarar Baba Andrawus na ɗiga a kan siket ɗinta, kuma ta san a cikin buhun nan akwai abincin gidan da ta girma a ciki. Ta miƙe.

"Ba Turawa ba ne. Ni ce. Injin ya san ya makance jiya. Ni na rufe masa baki."

Ta yi musu bayani yadda za ta iya. Ta ce wa Baba Andrawus, babur ɗinsa da ke waje, shekara nawa ba shi da madubi? Ya ce shida. Ta ce ya taɓa fasa zuwa kasuwa saboda madubi? Ya ce ko sau ɗaya. Ta ce to ranar da ya tashi ya taka birki ya ji wayam fa?

"Sai in sauka in tura shi wajen bakanike. Ni ba mahaukaci ba ne."

"To da can injin nan ko madubi ya fashe sai ya ƙi fita. Aka ce in gyara. Ni kuma na sa shi ya riƙa fita ko babu birki, yana murmushi."

"Wa ya ce ki gyara haka?" in ji Dabo.

Patience ta dubi ƙasa. Munzali ya dubi silin. Alhaji Jaji ya gano wani zare a hannun rigarsa da ke buƙatar kulawa ta gaggawa.

"An ce in sa ya tashi," in ji ta. "Yadda na yi shi, nawa ne. Na san ba daidai ba ne tun ina rubutawa."

Baba Andrawus ya juya harshe zuwa Gbagyi ya faɗa mata magana biyu da ba wanda ya fassara, amma kowa ya ga ta sunkuyar da kai. Sannan ya jawo benci ya zauna, ya ce ba inda za shi sai an raba masa madubi da birki a gabansa. Dabo ya zauna kusa da shi. Sauran suka tafi ceton abin da zai cetu, domin masarar da ta sha ruwa idan ba a baza ta da wuri ba sai ta yi fumfuna, kuma ko kaji ba a so su ci.

Aikin da ta ce na kwana biyu, da mutum biyun nan a kanta ya ƙare kafin magariba. Munzali ya riƙe alli a jikin allon sanarwa, ita tana kiran sassa. Firinta: a rubuta a gefe, a wuce. Intanet ya ƙi: a wuce da awon na'urori kaɗai, amma a faɗa a cikin saƙo cewa yau hasashen rabi ne. Ma'ajiyar awo ta dagule: a tsaya cak, kada saƙo ɗaya ya fita. Jerin lambobi ya ɓace, ko ƙwaƙwalwar injin ta cika har ba ta iya lissafi: a tsaya, kuma kada manhajar ta yi ƙoƙarin lallaba kanta, domin wanda kansa ya juye ba shi zai duba lafiyar kansa ba.

Inda aka yi gardama shi ne na'urar bakin daji. Takan yi shiru kwana biyu ko uku, wani lokaci birai ne, wani lokaci ba a san ko su wane ne ba, kuma ba mai zuwa dubawa sai an samu labarin hanya ta yi sanyi. Patience ta so a wuce ta kawai. Dabo ya ce a'a, gonakin da ke wannan gefen da ita suka dogara. Aka tsaya a kan cewa sauran wurare su samu saƙonsu, mutanen gefen daji kuma a ce musu yau ba mu da labarinku, ku dubi sama da kanku.

"Hotona fa?" in ji Alhaji Jaji, wanda ya dawo daga sallar Juma'a da sabon ƙarfi. "Ina ganin yana cikin manya."

"Madubi ne, Alhaji," in ji Baba Andrawus.

"Ko madubin ma na gefen hagu," in ji Dabo.

Kwana tara bayan haka Gwaggo ta yi jan farko a sabon tsarinta, kuma ta zaɓi ranar da wasu mutum uku daga wata ƙungiyar tallafi suka zo daga Kaduna cikin rakiyar jami'an tsaro. Faifan ne ya sake dagulewa, ashe tun tarin inbata bai warke ba. Allon ya rubuta: MA'AJIYAR AWO TA LALACE. BA ZAN TURA KOMAI BA.

Alhaji Jaji ya matso kusa da kunnen Patience. "Feshan, don girman Allah. Minti goma kawai. Ki sa koren nan, su ɗauki hoto su tafi."

"Idan na sa kore saƙo zai fita, Alhaji."

"To ki sa koren da ba ya tura saƙo."

"Wannan sai dai a kira mai fenti."

Ta ɗauki wayarta ta tura wa wakilan ƙauyuka da hannu cewa yau injin ba shi da lafiya, kowa ya yi amfani da idonsa. Ta ɗauka baƙin za su yi tambayoyi masu wuya. Ba su yi ba. Ɗaya ya tambayi inda zai yi cajin waya. Ɗaya ta ɗauki hoton allon ƙungiya na waje, da Ciyaman a tsaye a gabansa. Na ukun ya dubi jan rubutun ya gyaɗa kai, ya ce kalar ta yi kyau. Suka ci tuwo da miyar kuka a tsaitsaye, suka kama hanya tun rana na sama, kamar yadda duk mai hankali ke yi a hanyar Kaduna.

Ranar ba a yi ruwa ba. Rana ta ƙwalle tun safe har yamma, kuma rabin mutanen Kusasu sun ƙi shanya saboda tsoro. Baba Andrawus ya kira ta ya ce ta ja masa asarar yini guda na rana mai kyau. Ta ce gwiwarsa fa, me ta ce? Ya ce gwiwar ta yi fushi tun wancan karon, ba ta ƙara yi masa magana ba.

Sabon faifai ya iso ranar Laraba a motar kasuwa, cikin kwalin sabulu. Patience na durƙushe a ƙarƙashin tebur tana ɗaura shi, sai ga Dabo ya leƙo, ya zo sayen buhuna. Daga waje ana jiyo muryar Alhaji Jaji yana gaya wa masu shayi cewa shi ya ba da shawarar a koya wa injin yin shiru idan bai sani ba, domin shi mutum ne da ba ya son ƙarya.

Dabo ya saurara na ɗan lokaci. Sannan ya sunkuyo ya rage murya.

"Injiniya, gyaran nan da kika yi wa Gwaggo. Idan kanta wayam ne ta kama bakinta. Ba za a iya yi wa Ciyaman irinsa ba?"

Patience ta fito da kai daga ƙarƙashin tebur, sukurdireba a baki. Ta cire ta.

"Ba ni da lambar sirrinsa, Malam Dabo."

"To ki bincika," in ji shi. "Kuyello za ta kawo kaji."